Ɗumamar Yanayin da Ke Zuwa Sallar Juma'a

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar Talatar da na tsaya gaban mutum kusan talatin a Kuala Lumpur, cikin sabuwar shadda da hula, na sanar da su cewa ɗumamar yanayi ba ta dami furannin kan dutse da komai ba. Da ƙarfin zuciya na faɗa, har da ɗan bubbuga tebur.

Na zo Malesiya ne yin digiri na uku a fannin tsirrai, bayan na shekara bakwai ina koyarwa a gida. Farfesar da ke duba aikina wata dattijuwa ce 'yar ƙasar, mai magana a hankali kamar ba ta son iska ta ji. Ta sa ni cikin aikin da ƙungiyarta ke yi a kan wasu ƙananan tsirrai da ke fitowa can ƙololuwar wani dutse a jihar Sabah, inda sanyi ba ya ɗagawa. Tsawonsu bai wuce tafin hannu ba. Sukan jira lokacinsu su yi fure, ƙwari su zo su kwashi garin furen wannan su kai wa wancan, daga nan ne iri ke samuwa. Abin da ake son sani shi ne: in wurin ya ƙara ɗumi, za su yi fure da wuri? In sun yi da wuri, ƙwarin sun iso kuwa? In ba su iso ba, ina iri zai fito?

Ni dai ban taɓa hawa dutsen da ya wuce Dala ba (shi ma sau ɗaya, da makaranta ta kai mu). Wadda ta hau ta ɗebo tsirran da izinin hukuma ita ce Mei Ling, abokiyar karatuna, kuma har muka fara aiki tana ɗingishi saboda gwiwarta da ta bugu wajen saukowa. Aka dasa tsirran a tukwane, aka raba su gida biyu. Rabi a ɗakin sanyi, wanda aka saita daidai da yanayin kan dutsen, rabi a wani ɗakin da aka ƙara wa ɗumi kaɗan. Mei Ling ta koma Sabah bin ƙwari a daji, aka bar mini ɗakunan.

Aikin ba wuya. Kowace safiya in ƙirga toho, in rubuta ranar da kowane fure ya buɗe. Da yake babu ƙwari a ɗakunan, ni ne ƙudan zuman: in ɗauki ɗan siririn buroshi in shafo garin wannan fure in goga wa wancan, in ɗaura zare a jikinsa don in gane shi.

Sai na lura ɗakin sanyin nan shiru gare shi. Ofishin ɗalibai kullum cike yake da hira, gidana kuma a unguwar Sri Petaling yara biyu ne ke mulkinsa. Na samo kujera, na kawo kwamfutata, na mai da ɗakin wurin rubutu. Matsala ɗaya ce, sanyin. Minti ashirin yatsuna sun ƙage.

A bakin ƙofa akwai wani ɗan allo a bango mai maɓalli biyu, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Na dube shi na yanke hukunci ni kaɗai cewa wannan na mutane ne, su tsirran lallai akwai abin da ke sanyaya kantocinsu daban. Ma'aikacin da ke kula da na'urorin, Encik Razak, ofishinsa taku goma ne daga wurin. Da na tambaye shi, da kalma biyar zai raba ni da wahala. Amma malamin jami'a na shekara bakwai ya je yana tambayar yadda ake danna maɓalli? Na danna na sama har jikina ya saki. Da zan tashi sai in mayar da shi yadda na same shi (ni mutum ne mai tsari). Shi kuma Encik Razak da sassafe yake leƙawa, sai kuma dab da tashi, kullum ya tarar da lamba daidai.

Wata huɗu ina haka.

Da furanni suka fara buɗewa, sai na ga abin mamaki. Na ɗakin sanyi da na ɗakin ɗumi kusan mako guda suka buɗe. Irin da suka yi ma babu wani bambancin kirki. Duk abin da na karanta ya sa na zaci na ɗakin ɗumi za su riga, ga shi ba su riga ba. Mai hankali da ya tsaya ya ce ina kuskuren yake. Ni kuwa na fara tunanin mujallar da zan aika wa. Da na ba matata labari, ta ajiye ludayi ta dube ni ta ce, "Abban Walid, wato kai kaɗai ka gano abin da duk duniya ba ta gani ba?" Na ɗauka yabo ne, na ce mata haka ilimi yake.

Farfesa ta yi tafiya a makonnin, don haka ba ta ga sakamakon ba sai ranar gabatarwa. Na gayyaci Malam Sadisu, wani Bakatsine da ke karatun injiniya a Jalan Semarak, na ce ya zo da 'yan'uwa, in an tashi akwai shayi da roti, gurasar ƙasar, a mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi. Su shida suka zo suka cika layin gaba. Mei Ling ma ta dawo, tana zaune a gefe da littafinta.

Na yi minti ashirin da biyar ina bayani. Na nuna hotunan furanni, na nuna jadawali, na rufe da cewa wataƙila masana sun cika tsorata mutane a kan tsirran duwatsu. Malam Sadisu ya fara tafi, sauran 'yan layin gaba suka taya shi. Mei Ling ba ta tafa ba, jadawalin kawai take kallo.

Farfesa ta gode mini, sannan ta tambaya ko na duba abin da ma'aunin zafin ɗakunan ya rubuta. Na ce kullum ina ganin lambar a bango. Ta ce ba wannan ba, ɗan ƙaramin da ke rataye a bayan kanta, wanda ke adana zafin ɗakin dare da rana. Na san shi sarai. Kamar kwalin ashana yake, kuma wata huɗu ina zaton maganin sauro ne.

Encik Razak ya je ya ɗauko na ɗakunan biyu, ya haɗa da majigi. Na ɗakin ɗumi ya fito, layi miƙaƙƙe kamar an ja da rula. Na ɗakin sanyi ya fito kamar haƙoran zarto. Ƙarfe goma na safe ya hau, ƙarfe huɗu ya sauko. Asabar da Lahadi ya kwanta lafiya lau. Litinin ya sake hawa.

Na ga fuskar Encik Razak ta canza. Ya fara rantsuwa cewa an duba injin kafin a fara aikin, yana ba Farfesa haƙuri, yana cewa laifinsa ne da bai sauke bayanan tun da wuri ba. Mutumin nan saura shekara biyu ya yi ritaya. Ni kuwa ina tsaye da sandar nuni a hannu, wata zuciyar na ce mini in yi shiru, ai inji ma yana lalacewa.

Farfesa ta ce a faɗaɗa mata mako guda. Ta ɗora tabarau ta matsa kusa da allo. Ranar Juma'a layin ya hau da goma kamar kullum, sai ya sauko sha biyu da rabi, ya sake hawa ƙarfe uku. Ta duba Juma'ar da ke biye, haka. Ta gaba ma haka. Ta juyo, ba tare da ko murmushi ba, ta ce, "Wannan ɗumamar yanayin tana zuwa sallar Juma'a."

Malam Sadisu ya sunkuyo, da Hausa, a hankali, ya ce, "Malam, ba dai kai ba ne?"

Na ajiye sandar. Na ce injin Encik Razak lafiyarsa ƙalau, ni ne nake ƙara zafin saboda ina jin sanyi in ina rubutu. Wani ɗalibi a baya ya tambaya, da gaske yake ba da ba'a ba, me ya hana ni sa rigar sanyi. Har yau ban samo amsar ba.

Ba wanda ya yi mini faɗa, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Farfesa ta ce aikin wata huɗu ya tashi, tunda ɗakuna biyu masu ɗumi muka gwada da juna. Mei Ling ta rufe littafinta ta fita. Rabin babinta na uku a kan irin tsirran nan ya dogara. Mamak ɗin dai mun je, don na riga na yi alkawari, kuma 'yan'uwa suka ci roti suna ta ba ni haƙuri, kafaɗunsu na rawa.

Sai da na rubuta wa hukumar da ta turo ni karatu takardar neman ƙarin zango, inda aka ce a faɗi dalili na rubuta "matsalar na'ura", na goge, na rubuta gaskiya a taƙaice. Mei Ling ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwata. Ranar da ta amsa, cewa ta yi Farfesa ta yarda a sake ɗebo tsirrai, kuma ni zan ɗauki kayan.

Kwana biyu muna hawa. A can sama, haƙorana na haɗuwa, ta nuna mini wani farin fure a tsagin dutse, ƙarami kamar maɓallin riga. Muka tsuguna kusan awa guda kafin wani ɗan ƙuda ya zo ya shiga cikinsa ya fita. Ta ce shi ke nan, in bai zo a kwanakin da furen ke buɗe ba, bana babu iri. A nan na ba ta haƙuri yadda ya kamata. Ta ce, "Boleh lah," wato ba komai, ta miƙo mini jaka ta biyu.

Mun sake gwajin, na kuma gama karatun, da jinkirin zango guda. Encik Razak ya sa wa allon bangon akwati da kwaɗo, mabuɗin na aljihunsa.

Abin da na koya bai da yawa. Tambayar da mutum ke jin ta fi ƙarfin girmansa, gara ya yi ta a ofishin mutum ɗaya da a yi masa ita gaban talatin. Yanzu kuma duk taron da na je aka fara musun ko da hannun ɗan Adam a ɗumamar yanayi, ba na sa baki. Ni an taɓa kama nawa hannun, har da jadawali.