Ranar da Na Wanke Matatar Hayaƙi

Shekara ashirin ina dillancin motoci a Zongo, don haka da matatar hayaƙin wata mota mai shan gazuwal, wato man dizal, ta toshe, ban saurari Kosi makanike ba.

Cewa ya yi, "Patron, maigida, hau babban titi ka ba ta wuta, dattin zai ƙone."

Ni za a koya wa mota? Na kwance matatar, na dirje ta da sabulu, na mayar da ita a jiƙe.

Mai saye, Alhaji Seyni, ya iso cikin farar shadda, ya tsuguna bayan motar, daidai bakin salansa mai fitar da hayaƙi.

"Taka mu gani!"

Na taka totur iya ƙarfina, salansa ta feshe shi da baƙin ruwa. Ya miƙe baƙi ƙirin, ya tafi ko sallama babu.

Har yau abokan sana'a na aiko min fararen riguna, wai in rina musu.