Rasuwar Jar Hula, Wadda Ta San Jinin Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake mai zuciyar ta ce ita har yanzu ba ta ji komai ba, Malamar ɗakin gwajin garkuwar jiki, a madadin kanta da 'yarta Auta, tana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar 'yar kwalbarta, wadda aka fi sani da Jar Hula. Ta cika ne ranar Talata da hantsi, cikin kwanon ƙanƙara, Malama na tsaye a kanta da safar hannu. Rai ya yi halinsa tana tsakiyar aikin da aka daɗe ana ɗaga mata, wato duba jinin Auta, a ga ko ta gaji ciwon ubanta.

Wanda bai taɓa ganin marigayiyar ba bai yi asarar kallo ba. Tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, murfinta ja, abin da ke cikinta kuma wani ruwa ne fatsi-fatsi kamar shayin da aka yi wa rowar ganye. Amma ruwan nan daga jinin zomo aka tace shi, cike yake da sojojin garkuwa da suka san abu ɗaya tak a duniya: wani sinadari, furotin, da ke yawo a jinin masu wani ciwon ƙoda mai bin zuri'a. Mijin Malama, Tela, shi ya yi fama da ciwon. Daga jininsa ta ware furotin ɗin, ta riƙa yi wa wani farin zomo allurarsa kaɗan-kaɗan, har jikin zomon ya fusata ya haɗa garkuwa. Abin da aka ɗiba daga kunnensa shi ne marigayiyar. Tela ya ce tunda abin jikinsa ya shiga jikin dabbar ai zumunci ya ƙullu, ya sa Auta kiran zomon Kawu, kullum kuma sai ya cusa masa ganyen latas a aljihun farar rigar da ya ɗinka wa matarsa. Kawu ne ya riga tafiya. Tela bai jima ba ya bi bayansa.

Marigayiya ta kasance mai gaskiya da riƙon amana, ba ta taɓa yin shaidar zur ba. Aikinta a faranti take yinsa, wani ɗan farantin roba mai ƙananan ramuka jere-jere. A ɗiga jinin mutane rami-rami, a wanke, a ɗiga ta, a sake wankewa, a zuba ruwan launi. Duk ramin da ta tarar da furotin nan sai ya rine ya koma shuɗi, wanda babu kuma ya zauna fari kamar ruwan sha. Gwajin asibiti ba ya ganin ciwon sai ya riga ya ci ƙoda, ita kuwa tun yana laɓe take nuna shi da yatsa. Ƙa'idar aikin ita ce a ramin kusurwa a sa jinin da aka tabbatar yana ɗauke da ciwon, shi ne shaidar cewa gwajin yana da rai. Idan kusurwa ba ta yi shuɗi ba, farantin duka ya tashi a banza. A ɗakin Malama, ragowar jinin Tela ne ke zama a kusurwa, kuma Jar Hula ba ta taɓa wuce shi ba tare da ta gane shi ba.

Ba ta da yawan magana. Abin da za a riƙa tunawa na muryarta shi ne ɗan ƙwas ɗin da murfinta kan yi idan an buɗe, da ƙil-ƙil ɗinta a cikin ƙanƙara idan an ɗauko ta daga firiza.

Game da jinyarta, masana sun haɗu a kan cewa yawan daskarewa da narkewa ne ya kashe ta. Irinta ba sa son haka, kowace fitowa daga sanyi tana rage musu ƙarfi. Babu wanda ya kai Malama sanin wannan, ita ce ma ke cinye ɗalibai da faɗa a kai. Tun farko ta rarraba ruwan a ƙananan kwalabe don kada a dami uwar, to 'ya'yan duk sun ƙare a bakin aiki, uwar kaɗai ta rage. Bayan rasuwar Tela sai aka fara ganin Malama tana haɗa faranti babu jinin kowa a ciki sai na kusurwa. Ta narkar da Jar Hula, ta ɗiga, ta ja kujera ta zauna ta zuba ido har ramin ya yi shuɗi, sannan ta mayar da ita sanyi ta koma harkokinta. Kowa a ɗakin ya gani, kowa ya kawar da kai. Sau ɗaya maƙwabcin teburinta, wani dattijo mai binciken madara, ya tsaya a bayanta yana goge tabarau.

“Malama, kina gajiyar da ita fa.”

“Na sani, Malam,” in ji ta, ba ta ko waiwaya ba.

Shi kuwa jinin Auta ya daɗe a firiza yana jiran layi. Yarinyar da kanta ta miƙa hannu aka ɗiba, ta ce ta girma, gara ta san inda ta tsaya. Uwar ce ta riƙa kawo dalilai, yau ruwan wanki ya ƙare, gobe injin karanta launi yana ciwon kai. Tsoro take ji, ba wani abu ba. Ranar Talata dai ta daure ta haɗa farantin, uba a kusurwa, 'ya a gefensa. Da ta zuba ruwan launi, ramin Auta ta fara kallo. Fari tas. Har ta buɗe baki za ta yi godiya ga Allah, sai idonta ya matsa kusurwa. Nan ma fari tas. Ta ƙara lokaci, ta ɗaga farantin saitin taga, ta karkata shi. Jar Hula ta wuce Tela kamar ba ta taɓa saninsa ba, farin ramin Auta kuma bai zama albishir ba, bai zama komai ba.

Malama ba ta yi kuka ba. Ta cire safar hannu, ta goge tebur, ta zubar da ƙanƙarar, ta amsa gaisuwar masu wucewa daidai yadda ake amsawa. Da ta koma gida Auta na bakin ƙofa.

“Umma, me ya fito?”

“Bai fito ba.”

“Babu ciwon ke nan?”

“A'a. Gwajin ne bai fito ba. Kin ci abinci?”

Marigayiya ta rasu ta bar firiza mai yawan gurnani, da faranti sabbi cikin leda, da kejin Kawu da aka mayar ma'ajiyar tsumma. Ta bar ragowar jinin Tela, wanda yanzu babu mai gane shi a duniya, kuma ya yi kaɗan a horar da wani zomon da shi. Masu ba da shawarar a yi wata sabuwa su sani cewa sai an sami furotin daga jinin mai ciwon, a gidan Malama kuwa babu mai addu'ar a samu.

Za a yi mata sutura gobe da safe a jar ledar shara, a saka ta a tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta tare da sauran kwalaben mako, daga nan motar kwasar shara ta raka ta makwancinta. Murfin kaɗai Malama ta riƙe, yana aljihun farar rigarta. Zaman makoki a ɗakin shan shayi ne, lokacin hutun rana, kowa ya zo da kofinsa. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su ce za a sami wata. Wanda ya tambayi jikin Auta za a ce masa lafiya lau, tunda haka aka saba cewa.