Sabon Sinadarin da Ya Ci Ragon Baba

Ranar ina ɗakin gwaji a jami'a, ina haska na'urar Raman, mai tantance sinadarai da haske, a kan wani ɗan faifai na sinadaran silikon da jamaniyam, don in ga ko gaurayen nasu ya yi daidai ko'ina. Tsakiyar faifan lafiya lau. Ina zuwa gefe, sai layin awon da ke kan allon na'urar ya yi wani tsallen da babu shi a kowane littafi.

Ban yi wata-wata ba na kira gida Maruta. "Baba, ɗanka ya gano sabon sinadari!" Kafin la'asar an yanka ragon da ake kiwo don layya, labari har tashar Birnin Kudu.

Washegari malamina ya dubi allo, ya ɗauki faifan ya shinshina. "Malam, me ka ci jiya?"

Ƙuli-ƙulin da Inna ta aiko mini ne. Ga shatin babban yatsana nan a gefen faifan, maiƙo ɓaro-ɓaro.

Har yau in na sauka a tashar Gwaram, direbobi sai su miƙe: "Farfesan man gyaɗa ya iso!" Baba kuwa, in na kira da albishir, sai ya ce, "Tsaya tukuna. Ka wanke hannu?"