Iya da Motar Kibiya

"...Lafiya lau, sai kewar miji nagari. Wanda Allah ya haɗa ni da shi dai yau kwana huɗu bai leƙo ni ba."

"Yo Iya, wa zai yi ɗokin leƙo matar da haƙora uku suka rage mata, biyu ma ba sa ga maciji da juna?"

"Ukun nan su suka tauna maka nama lokacin da bakinka yake fayau kamar na ɗan tsako. Zauna, ja'iri, ka tare min rana."

Sagiru ke nan da kakarsa, a tsakar gidansu na Rano, da la'asar sakaliya. Ita ta yaye shi, a ɗakinta ya girma, kuma tun da ya iya magana ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a yi ba. Yanzu malamin firamare ne a Yalwa, da matarsa Rukayya da 'ya'ya uku, da wata mota 'yar Kwatano mai kujera layi uku wadda yake gogewa fiye da yadda yake goge fuskarsa. Jibi Asabar zai ɗebi iyalinsa a cikinta su tafi Shagamu, bikin ɗan Goggo Rakiya, autar Iya.

Shekara tara rabon Iya da ta sa autar nan tata a ido. Mijin Rakiya ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba ta iya matsawa ta bar shi. Iya kuwa ita da mota ba a shiri. Shekara uku da suka wuce aka kai ta Kano ganin likitan ido, ta dinga amai tun daga Bunkure har sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Sagiru ne ya riƙe ta ranar, kuma ya tsorata ba kaɗan ba. Da maganar bikin ta taso, mahaifinsa Malam Ishiyaku ya ce shi ya zare hannunsa, mai mota shi ke da ta cewa. Mai mota kuwa ya ce Iya ba ta zuwa ko nan da can. Yau ma saƙonta ya zo karɓa, da wata takarda a hannu yana ta kaɗawa.

Iya ta ce, "Takardar mece ce wannan? Ta saki ce? Miƙo nan, na daɗe ina jira."

"Wa zai sake ki, ki zame wa gari annoba? Tsarin tafiya ne. Saurara ki ji yadda masu ilimi suke fita. Ana sallame asuba mun ɗau hanya. Karin kumallo a Zariya. Kaduna ko tsayawa ba za mu yi ba, sai dai mu ɗaga musu hannu. Azahar da la'asar a haɗe, ƙasaru, a inda rana ta same mu. Mu kwana a Mokwa wurin wani abokina. Washegari gadar Jebba, Iya, gadar Jebba! Sai Ilori, sai Badun, sai ki ji Goggo ta rangaɗa guɗa."

"A wannan gwangwanin? Wanda sai an tara yaran unguwa sun tura kafin ya yi tari?"

"Sau ɗaya aka taɓa tura ta, shi ma mai ne ya ƙare."

"Sau ɗaya a gabanka. Ni ina zaune a nan ina jin labari. An ce akuyar maƙwabcinmu Ramalan ta wuce ku a hanyar Rurum, har ta waiwayo ta yi muku sannu."

"Hassada ce. Ki je gidana ki ga yadda ake shiri. Zakiyyu tun Litinin da takalmi yake kwana, wai kada a tafi a bar shi. Mu'minat ta haɗa wa 'yar tsanarta kaya a gwangwanin madara. Jiya take tambayata, wai Shagamu ta kai Kibiya nisa?"

Iya ta yi wani ɗan tari, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ta ce, "To karanto min kayan, in ji abin da ka manta."

"Ba abin da na manta. Fo na yara. Nafkin ɗin Ja'afaru dozin biyu. Dambun nama, kaji uku soyayyu, gurasa, fulas ɗin shayi, jarkar ruwa, buta, darduma. Maganin zazzaɓi. Gidan sauro. Ƙarin taya har biyu."

"Tsumma fa?"

"Tsumman me?"

"Ka ji malamin makaranta! Yara uku, kwana biyu a hanya, ba tsumma. Da takardar taka za ka goge kujera? Sabulu fa? Kayan canji a sama-sama, ba a ƙasan akwati ba? Kuma wa ya ce maka ana ɗura wa yaro shayi a mota? Kafin ku kai Zariya kun tsaya fitsari sau goma."

Sagiru ya ciro biro daga aljihu ya duƙa yana rubutu, yana cewa ai dama yana sane, gwada ta yake yi.

"Wa zai zauna ina?"

"Rukayya da goyo a tsakiya. Zakiyyu da Mu'minat a baya. But ɗin mota ya cika, don haka buhun shinkafar da za a kai wa Goggo shi ne a gaba, kusa da ni."

"Buhu a gaba, kamar ciyaman! Shi zai raba faɗa in Zakiyyu ya fizge wa ƙanwarsa tsana? Shi zai karɓi Ja'afaru in uwarsa ta gaji? Yarinyar mutane hannu biyu gare ta, kai kuma naka suna kan sitiyari."

"Buhu dai ba ya amai."

Iya ta juya fuska gefe. Shi ma sai ya ji maganar ta yi masa nauyi a baki, ya yi saurin kawar da ita.

"To amarya, kawo saƙon. Daddawa ce ko kuka? Kada dai ki haɗo min da kaza mai rai."

"Ba ni da saƙo."

"Ba ki da saƙo? Ke da ko almakashi aka ce za a kai Shagamu sai kin ƙulla masa kuɓewa?"

"Na ce ba ni da shi. Kunnen ma ya fara tafiya ne? Tsufa dai bai yi maka kyau ba."

Sagiru ya ninke takardarsa, ya gyara zama, ya ƙura mata ido yana murmushin mugunta. Ya ce, "To shi ke nan. Dama akwai ƙarar da na zo da ita. Da safe na kai mota a duba min a bakin tasha, sai Shitu direba ya ja ni gefe. Ya ce, Malam, ka sa ido a kan iyalinka. Sati shida ke nan Iya tana shiga motarsa zuwa Kibiya. Ba ta sayen ko gishiri, ba ta shiga gidan kowa, sai ta juyo. Iya, tsakaninki da Allah, wane tsoho ne kike zuwa zance wurinsa?"

"Shitu! Bakinsa kamar hon ɗin motarsa, ba a taɓa shi ma ƙara yake."

"Ba ki musa ba."

"In musa me? Alu sunansa. Shanunsa arba'in, haƙorin Makka biyu, kuma shi motarsa da mukulli take tashi."

"Da aurena a kanki? Wallahi gobe ina kai ku gaban alƙali."

"Ka kai. In faɗa masa rabon da ka sayo min goro tun zaɓen da ya wuce."

"To shi Alun a cikin mota yake zaune? Don Shitu ya ce ranar Talata ko sauka ba ki yi ba. Ya sauke fasinja, ya yi lodi, ya dawo Rano, ya sake komawa, kina nan daram a jikin taga. Sawu huɗu. Har kwandasta ya fara tambaya ko ke kika sayi motar."

Iya ta ɗauki mafici ta yi fifita biyu, ta ajiye. Ta ga dai asiri ya riga ya tonu, sai ta miƙe ƙafa ta ce, "To tunda ka zama ɗan sanda, buɗe kunne. Makaranta na shiga."

"Makarantar me?"

"Ta mota. Kai ba koya wa yara ABCD kake yi ba, kullum kaɗan-kaɗan har su iya? Ni ma cikina na kai a koya masa. Ranar farko ko gari ba mu bari ba na ɓata wa wata Bafulatana zane. Ta zazzage ni da Fillanci, ni kuwa ina ta cewa amin."

Sagiru ya kwashe da dariya har biro ya faɗi.

"Yi dariyarka. Zuwa na biyu sau biyu na yi. Na uku sau ɗaya, shi ma don wani ya shigo da buhun albasa. Daga nan na gano kan abin. Ba a cin maiƙo da safe. A zauna jikin taga. Kada a kalli ƙasa, a kalli dutse can nesa. Lemon tsami a hannu, citta a kumatu. Ranar Talatar da munafukin naka yake faɗa, a sawu na huɗu ƙosai na saya na ci a cikin motar, tana gudu. Na Shitu ma na cinye."

"Iya, Kibiya fa nan ce da can. Shagamu kwana biyu ce."

"Shi ya sa na yi sawu huɗu."

"Akwai ramuka, akwai kwana-kwana, akwai manyan motoci masu hayaƙi."

"Ka taɓa zama a bayan motar Shitu? Wanda ya sha wannan hayaƙin ya gama digiri."

Dariyar Sagiru ta ɗan lafa. Ya sunkuyar da kai yana wasa da takardar, ya ce, "Ke ba ki ga yadda kika koma ba ranar nan a Kano. Ni na gani. Idonki ya kakkafe, ina kira ba kya amsawa. In haka ta faru a dajin Mokwa, da yara uku a mota, ina zan sa kaina?"

Wannan karon ba ta zage shi ba. Ta kwance bakin zaninta, ta ciro wata baƙar leda da aka ninke ƙanƙanuwa kamar laya, ta ɗora a tafin hannu.

"Ka ga wannan? Ledar amai ce, sati uku tana ƙulle a nan. Kullum da ita nake shiga mota, da ita nake fita, ban buɗe ta ba." Ta juya ledar a hannunta. "Rannan da ka kira min Rakiya a wayarka, muna cikin magana take ce min wai ta yi furfura. Ta faɗa tana dariya, ni ma na yi. Da ka tafi na zauna a nan har aka kira magariba. Autata, wadda na yi wa kitso da hannuna ranar da za a kai ta, ta yi furfura ban gani ba. Murya nake ji shekara tara, Sagiru. Ni kan nake so in dafa."

Tunda yake da ita bai fi a ƙirga ba ta kira shi da sunansa. Tausayinta ya kama shi, kunya ma ta kama shi, don shi duk lissafinsa na taya da nafkin bai taɓa hango wannan ba. Ya ɗauko biro daga ƙasa, ya buɗe takardar, ya ja layi a kan wani abu, ya yi rubutu a gefe.

"Me ka rubuta? Kada ka cuce ni don ban yi boko ba."

"Na sauke ciyaman daga mulki. Buhu ya koma saman mota, a ɗaure shi da igiya."

"A gaban fa?"

"Na rubuta, tsohon kaya mai fashewa, a ɗora a hankali, a jikin taga."

"Uwarka ce tsohon kaya... a'a, Allah ya ba ta haƙuri, ubanka dai!" Ta faɗa tana dariya tana goge ido da gefen mayafi.

"Amma da sharaɗi. Za mu dinga tsayawa kina shan iska, ko kin so ko kin ƙi. Kuma in 'yan Hisba suka tare mu suka ce wace budurwa ce na ɗauko a gaba, ke za ki yi bayani."

"In ce musu mijina ne, ƙaddara ce ta haɗa mu, su taya ni da addu'a."

"Sai ki fara haɗa kaya, jibi-jibin nan ne fa."

"Leƙa bayan ƙofa."

Ya tashi ya leƙa ɗakin. Ga jaka a ɗaure tsaf, ga ƙullin daddawa da na kuka a kai, ga kwalbar man shanu, ga tsummokara wankakku an ninke, har da ƙaramar ƙwarya cike da lemon tsami. A saman komai an soke wani tsohon tsinken kitso da mataji.

Ya juyo ya ɗaga hannu biyu sama. "Na sallama. Kin ci ni, tsohuwa. Ki gai da Alu, ki ce masa na fi shi mota."

"Zo nan, karɓi tukuici."

Ta kamo hannunsa ta danƙa masa 'yar baƙar ledar, ta rufe yatsunsa a kai.

"Ni na sauke karatuna. Riƙe ta a aljihun gaba, don na san ka. Ranar da aka ɗora ka a kan jaki kana ɗan shekara biyar, sai da aka wanke jakin. In mun hau gadar Jebba ka leƙa ruwa, kai za ka neme ta."