Alhaji Lantana Ta Zo Awon Ciki

A wani gari da ke gindin duwatsu, can kudu da Zariya, akwai wani ƙaramin asibiti wanda a da ɗakin shan magani ne na 'yan mishan. Turawan sun daɗe da tafiya. Darbejiyoyin da suka dasa sun tsufa, ƙararrawar da ake kaɗa wa masu jinya ta tsage, asibitin kuwa ya koma hannun mutanen gari, Musulmi da Kirista, ƙarƙashin kwamiti guda. Katunan marasa lafiya, waɗanda a da ake jerawa cikin akwatunan katako da rubutu mai kyau irin na mutanen da suka sha rula a yatsu, gara ta ci rabi, sauran kuma an kwashe an zuba a kwamfuta. Haka duniya take.

Mai kula da wannan rumbun bayanai shi ne Malam Habila, magidanci mai 'ya'ya biyar da tabarau ɗaya da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Manhajar da yake aiki da ita PostgreSQL ce, irin wadda ba a saye, kowa na iya buɗe cikinta ya duba. Habila yakan ce ba ta da mugunta ko kaɗan, aibinta ɗaya ne, biyayya: abin da ka faɗa shi take yi, ba abin da kake nufi ba. Saboda haka yana da ƙa'idarsa da ba ya ƙetarewa. Kafin ya gyara komai sai ya fara rubuta SELECT, wato ya ce wa rumbun, nuna mini wanda zan taɓa. Sannan ya rubuta umarnin gyaran, ya karanta shi daga farko har ƙarshe yana motsa leɓe. Sai ya koma can sama ya sa BEGIN, wadda ita ce ƙofar baya: in abu ya ɓaci a ce ROLLBACK, komai ya koma mazauninsa. Ma'aikatan asibitin suna ce masa Hawainiya. Shi kuwa ba ya jin haushi, sai dai ya ce sauri ya haifi nawa.

Aikin nasa na shekara-shekara ne, kwamiti ke sabunta shi, kuma a wannan makon za a zauna a kansa. Kowa ya san shugaban kwamitin, Malam Tanimu mai sayar da taki, yana da ɗan ƙanen matarsa da ya gama difloma a kwamfuta yana zaman jira. Don haka Habila yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da kwandon ƙwai.

To, Malam Tanimu ya dawo daga aikin Hajji ke nan, da haƙorin Makka a baki da farin rawani a kai. Mutanen gari kaf sun juya harshe, ba mai sake ce masa Malam sai Alhaji, in ban da abu ɗaya. Kullum in rana ta take tsaka, kwamfutar asibiti takan tura wa marasa lafiya saƙon tes ita da kanta, tana ɗauko laƙabi da suna daga rumbun. Saƙon da ya shiga wayarsa ya ce: “Malam Tanimu, gobe ne ranar awon hawan jininka.” Jinin kuwa bai jira goben ba.

Washegari da hantsi ya iso da yaransa ɗauke da tsaraba. Ya bar Mataron Saratu, shugabar ma'aikatan jinya, tana raba wa ma'aikata dabino a baranda, shi kuma ya wuce kai tsaye ɗakin Habila.

“Kai Habila, injin nan naka bai ji labari ba ne?”

“Ranka ya daɗe, barka da sauka. Ba ya jin labari sai an faɗa masa.”

“To faɗa masa yanzu, ina tsaye.”

Habila ya rubuta SELECT, ya danna maɓallin da ke aika umarni, sai ga layi ɗaya tak ya fito a allo: lambar kati, suna, laƙabi. Alhaji Tanimu ya sunkuyo, ya ga sunansa, ya ga Malam ɗin a gefe, ya kuma lura da maɓallin da aka danna. Mutum ne da ya saba da taron ƙaddamarwa. Ya yanke kirtanin rijiyar burtsatse, ya kunna injin niƙa na ƙungiyar mata, kuma a saninsa in aka zo wurin dannawa, babba ke dannawa.

Habila ya fara rubuta umarnin gyara: UPDATE, a teburin marasa lafiya, a mai da laƙabi ya zama Alhaji. Saura ya ƙara WHERE, inda zai ce na mai lamba kaza kaɗai. Yatsunsa na kan hanya sai Alhaji ya ce, “Af, ga taka tsarabar,” ya miƙo ledar dabino da kwalbar turare. Ba a karɓar kyautar babba da hannu ɗaya, ba a kuma karɓa a zaune. Habila ya miƙe, ya rusuna, ya tara hannu biyu.

Alhaji ya dubi allo, ya hango kalmar da yake nema a rubuce ɓaro-ɓaro. Ya ce, “Ai ka ma gama. Bismillahi.” Ya sa yatsa ya danna.

Manhajar ta yi biyayya irin tata. A ƙasan allo ta rubuta UPDATE, ta biyo da adadin layukan da ta gyara, adadin kuwa ya haura dubu huɗu. Ba WHERE, ba BEGIN, ba ƙofar baya. Ranar kuma, kamar da gayya, ban da saƙonnin masu awo akwai sanarwar rabon gidan sauro da za ta tafi ga kowa da kowa.

Ya buɗe baki zai yi magana, sai Mataron Saratu ta shigo da ma'aikatan jinya suna cewa Alhaji ya sa musu albarka tun ƙurar Makka ba ta bar ƙafarsa ba. Alhaji ya ɗaga hannu. Wa zai katse addu'ar sabon alhaji? Habila ya tsaya, dabino a dama, turare a hagu, ido a kan agogon bango, ƙarfe sha biyu na ta matsowa.

Alhaji ya roƙa wa asibiti, ya roƙa wa kwamiti, ya roƙa wa damina da farashin taki. Sannan ya ce, “Allah Ka maimaita mana. Waɗanda ba su je ba, Allah Ka kai su. Mace da namiji, babba da yaro, na goye da na ciki, kada Ka bar ko mutum ɗaya a garin nan.”

Kowa ya ce amin. Habila ma ya ce amin, da wata irin murya kamar ta akuyar da aka taka wa wuya. Kafin a shafa, wayar da ke aljihun Mataron ta yi ƙara. Wayar ma'aikaciyar jinyar da ke kusa da ita ta amsa. Daga nan sai baranda gaba ɗaya ta ɗauka.

Alhaji ya duba tasa, ya ga “Alhaji Tanimu”, haƙorin Makka ya haska, ya fita yana gyara rawani. Mataron ta duba tata, ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa.

“Habila, yaushe na je? Kuma yaushe na zama namiji?”

“Mama, ki ba ni zuwa la'asar.”

Ya zauna. Ya rubuta ROLLBACK duk da ya san ba amfani, kamar mai kiran sunan wanda aka riga aka binne. Manhajar ta amsa masa cikin ladabi cewa babu wani buɗaɗɗen aiki da za ta janye. Sai ya dakatar da mai tura saƙonni, ko da yake ɓarawo ya riga ya fita da akuya. Ya ɗauko kwafin ajiya na jiya, ya zuba shi a wani rumbu dabam don kada ya danne aikin yau, ya haɗa tsohon tebur da sabo ta lambar kati, ya mayar wa kowa laƙabinsa. Wannan karon ya sa BEGIN, ya kuma kulle ƙofar ɗakin da sakata. Waɗanda aka yi wa rajista da safiyar ranar ba sa cikin kwafin jiya, sai ya bi su ɗaya-ɗaya da hannu. Cikinsu har da jaririn da aka haifa da asuba, wanda ko suna ba a raɗa masa ba amma ya riga ya sauke farali.

Rumbu ya gyaru, amma saƙon da ya tafi ya tafi. Ɗanladi mai faci ne ya fara isowa, waya a hannu, matarsa Lantana a bayansa da tsohon ciki tana dariya har tana riƙe ƙugu.

Ya ce ta taga, “Malam Habila, ga Alhaji Lantana na kawo awon ciki. Ni dai tambayata ɗaya, in ita ce Alhaji, ni mene ne a gidan?”

“Duba naka saƙon, na gidan sauro.”

Ɗanladi ya duba, ya ga shi ma Alhaji ne. Sannan ya gyara hula, ya ce, “To wannan kam a bar shi yadda yake.”

“Na riga na cire.”

“Ka cire? Da izinin wa? Nata ne kuskure, nawa ai fata nagari ne.”

Haka aka wuni. Hajiyoyi sun zo suna tambayar laifin da suka yi aka sauya musu jinsi. Alhazan gaske sun taru a inuwar darbejiya suna cewa abin ya zama wasan yara. Wasu kuwa sun ƙi goge saƙon, suna nuna wa surukai. Rabaran Markus, tsohon limamin cocin garin kuma mafi tsufa a kwamiti, ya aiko a gaya wa Habila cewa ya gode, amma da an sanar da shi da wuri da ya yi sallama da ikilisiya.

Wanda bai yi dariya ba shi ne Alhaji Tanimu. Da ya fahimci cewa har mai yi masa dakon taki ya samu irin saƙonsa, sai ya sa aka matso da zaman kwamiti zuwa washegari.

Aka zauna a tsohon ɗakin da a da ake ajiye akwatunan kati. Habila na tsaye a gaba, hula a hannu, yana tunanin 'ya'yansa biyar da buhun masarar da ya kusa ƙarewa. A bakin ƙofa kuwa ɗan ƙanen matar Alhaji na zaune cikin sabon yadi, da difloma a cikin ambulan.

Alhaji ya ba da labarin tun daga farko, dalla-dalla, bai manta da dabino ba, bai manta da turare ba. Abu ɗaya kawai ya tsallake, wato yatsa. Ya ce shi ya sha ranar Arfa, ya kwana a kan tsakuwa, ya rasa takalminsa a turmutsitsi, ya dawo da tari, sannan wani ya zauna a ƙarƙashin fanka ya raba wa gari abin da shi ya sha wuya a kansa. Ya ce wanda ya yi wannan ɓarna ba zai ƙara kwana da makullin ɗakin kwamfuta ba.

Habila ya dubi Mataron. Mataron ta dubi silin, domin ita addu'a ta tarar, ba ta ga dannawa ba. Ya san in ya ce Alhaji ya yi ƙarya, ya ci mutuncin babba a gaban jama'a, aiki ya tafi. In kuma ya yi shiru, aiki ya tafi.

Rabaran Markus ya buga sandarsa a ƙasa a hankali. Ya ce, “Alhaji, ni ma Alhaji ne tun jiya, don haka ka bar ni in yi magana a matsayin ɗan'uwanka. Ba a yanke wa mutum hukunci ba a ji bakinsa ba. In shi ya yi, ya tafi. In ba shi ba ne, ya koma kujerarsa, mu sha shayi. Ko ba haka ba, jama'a?”

Kwamiti ya ce haka ne.

Alhaji ya juyo, ya nuna Habila da wannan yatsan dai. “To faɗa musu. Mace da namiji, babba da yaro, har na cikin ciki ba ka bari ba. Wa ya sa ka?”

Mataron Saratu ta sauko da idonta daga silin, domin ta taɓa jin waɗannan kalmomi a jere haka.

Habila ya rusuna, ya ce, “Ranka ya daɗe, kai ka roƙa, kai ka danna, ni amin kawai na ce. Yanzu don an amsa maka nan take, ni za a kora?”