Bunsuru a Ɗakin Sikana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da 'yata Hauwa ta faɗo daga kan katanga a gidanmu na unguwar Roumdé Adjia ba. Shekararta huɗu, kuma ita ce ta fari. Kun san mu da kunyar ɗan fari: a gaban mutane ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Ko ɗaukarta ba na yi. (Amma da an rufe ƙofa ni ne bunsurunta, har da rarrafe.)

Da ta fara amai muka garzaya asibiti, surukina Alhaji ya biyo mu. Likita ta ce sai an ɗauki hoton kanta a sikana. "Ba kowane yaro da ya buge kai muke sakawa ba, don hasken na'urar yana da ƙarfi ga yara. Wannan dai ya zama dole. Amma in ta motsa sai an sake, ni kuma ba na son a haska ta sau biyu."

Uwarta na da ciki, aka hana ta shiga. Ni aka rataya wa wata rigar kare haske mai nauyin tsiya, aka rufe mu. Hauwa na ganin bakin na'urar ta tsandara ihu, tana ta shure-shure. Wallahi hankalina ya tashi. Na dubi ƙofar nan mai kauri, na ce ai ba mai ji.

"Hauwa'una, kwanta. Ga bunsuru ya zo."

Na riƙe 'yar ƙafarta, na saki "Meeee!" tun daga cikina. (Mahauci ne ni, na san muryar da kyau.) Na yi na tsohon bunsuru, na yi na akuya mai neman ɗanta. Ta yi lamo, hawaye na gangara cikin kunnenta, har aka gama.

Sai wata murya ta fito daga bango, ta kira ni da Faransanci: "Misye, hoto ya yi. Bunsuru zai iya hutawa."

Ashe akwai lasifika, ma'aikata na jin komai daga ɗakinsu. Ashe kuma ƙofar ɗakin ma'aikatan a buɗe take, Alhaji na zaune dab da ita.

Na fito kamar in nutse. Likita ta ce ba jini a kai, ba tsagewa, kuma sau ɗaya ya wadatar. Alhaji ya yi hamdala, ya share ido da bakin rawani, sannan ya ce ba tare da ya dube ni ba: "Ashe ka san sunanta."

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya yi kukan dabba, ya tambaya ko bango na ji. Amma da a ce za a sake haska ta, a tsakiyar kasuwa ma zan yi.