Bafulatanin Ofis da Bitar Shanu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da mutanen ofishinmu sun yi mini alfarma sun manta, da ranar da aka sa ni koya wa malaman gona yadda ake auna saniya. Amma kafin in kai ku ga ranar, sai na fara gaya muku abin da na girma ina ɓoyewa: ni Bafulatani ne, kuma tsoron shanu nake ji.

A Ƙofar Ran aka haife ni. Mahaifina tela ne, kakana ne na ƙarshe da ya riƙe sandar kiwo a gidanmu. Ina ƙarami wani sa da maƙwabta suka sayo don layya ya tsinke igiya ya biyo lungunmu, ni kuma ina tsaye riƙe da kwanon ƙosai. Bai taɓa ni ba. Ta gefena kawai ya wuce, har na ji ɗumin jikinsa da hucinsa. Tun daga nan in na hango ƙaho, sai in canza hanya.

Matsalar ita ce fuskata ba ta nuna haka. Dogo ne ni, siriri, ga dogon hanci. Ranar da na kama aiki a sashen malaman gona na jami'a, wato masu shiga ƙauyuka suna kai wa manoma da makiyaya sabbin dabaru, wani ya dube ni ya ce, "Ga Arɗo ya iso." Shi ke nan suna ya bi ni. (Kada in yi muku ƙarya, na ji daɗinsa. Har malafa na saya na rataye a bangon ofis.) Aikina dai rubuta ƙasidu kan taki da iri, da shirya abin da za a faɗa a rediyo. Babu abin da ya haɗa ni da dabba, sai na zauna lafiya a cikin sarautata.

A shekarar da ake duba takarduna don a tabbatar da ni a aiki, sai gurbin horo ya fito kan kiwon lafiyar dabbobi a Jos. Daraktanmu, wani farfesa mai son a ce sashensa yana ci gaba, ko tunani bai tsaya yi ba a wurin taro.

"Wa za mu tura in ba Arɗo ba? Abin gidansu ne."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa. Mutumin da takardunsa ke kan teburin Darakta ba ya fara cewa "Yallaɓai, ai tsoro nake ji," ko aƙalla haka na gaya wa kaina.

A Jos cikin aji babu wanda ya kamo ni. Na haddace cututtuka, na haddace allurai, malami kan jefo tambaya in cafe. Amma duk sanda aka ce a fita garke a gwada da hannu, sai in zama mai ɗaukar hoto. "Ku shiga, ku shiga, ni zan ɗauke ku!" Haka na gama horon daga bayan shinge. Na dawo Bauchi da satifiket mai kyau, da waya cike da hotunan hannayen wasu a cikin bakin shanu.

Abin da na manta shi ne ƙa'idar sashenmu: duk wanda aka tura horo, in ya dawo sai ya shirya bita ya koya wa sauran. Wata safiya ina cikin keke a hanyar Yelwa na buɗe zauren wasap na ofis, na ga takardar Labaran Ma'aikata ta watan ta fito. Tsakanin barkar haihuwar wani direba da sanarwar ritayar akawunmu, ga hotona da malafa, an rubuta a ƙasa: "Ɗan gado ya dawo daga horo. Zai nuna wa ma'aikata a aikace yadda ake gane shekarun saniya ta haƙoranta, da yadda ake ƙiyasta nauyinta da tef, a gonar jami'a. Za a gayyato malaman gona na ƙananan hukumomi da wakilan makiyaya."

Kalmar "a aikace" kaɗai na yi ta karantawa har mai keke ya wuce da ni ƙofar jami'a.

Daga ranar abinci ya daina shiga. Matata, wadda ita kaɗai ta san sirrin (ta gano shi ne ranar da muka je gaisuwa ruga, na ƙi fita daga mota na ce kaina ke ciwo), ta zaunar da ni.

"Abban Amira, ka je ka gaya wa Darakta gaskiya. Mutum ne fa, ba zai cinye ka ba."

Na je. Na ƙwanƙwasa, na shiga, sai na tarar yana da baƙo daga ma'aikatar gona. Kafin in buɗe baki ya miƙe ya dafa kafaɗata.

"Ga wanda nake ba ka labari! Wannan ko cikin barci aka tashe shi zai gaya maka ciwon saniya. Arɗo, lafiya?"

"Lafiya lau, Yallaɓai. Gaisuwa ce kawai."

Na koma gida na kwantar da turmi a tsakar gida na fara gwaji. In zagaya tef ta ƙarƙashinsa, in karanta lamba, in yi bayani ga kujeru. Turmin ya ba ni haɗin kai sosai. Matata ta leƙo daga kicin ta ce, "Sai dai ka roƙi Allah a kawo maka saniyar da ba ta numfashi." Na yi addu'ar ruwan sama ya sauka ranar, alhali damina ta daɗe da wucewa. Na yi fatan a tafi yajin aiki. (A karo na farko a tarihin jami'o'inmu, babu wanda ke da ƙorafi a wannan makon.)

Ranar ta zo. An kafa rumfa a gefen garken gonar jami'a, an jera kujerun roba. Abokan aikina a gaba, baƙin ƙananan hukumomi a baya, dattawan makiyaya a gefe sun jingina da sandunansu. Aka maƙala mini ɗan makirufo a wuyan riga, irin marar waya, aka haɗa shi da lasifika mai ƙarfin da ake ji har ɗakunan kwanan ɗalibai.

Mai kula da ɓangaren dabbobi ita ce Madam Rifkatu, mutuniyar Bogoro, babbar ma'aikaciya ce da ta kusa ritaya, ba ta da yawan magana. Ita ta zaɓo dabbar da za a yi gwajin da ita, wata farar karsana, ta sa aka ɗaure ta a turke. Ta dube ni, ta dubi zufar da ta jiƙa mini riga tun ba a fara ba.

"Malam, lafiya kake? Wannan saniya ba ya faɗa. Ko yara suna taɓa shi."

"Zafi ne kawai, Madam."

Kashi na farko, na baki, ya tafi daidai. Na yi bayanin kaska, na yi bayanin kirci mai cin fatar shanu, har aka tafa. Tafin ne ya ruɗe ni. Na gyara tsayuwa na ɗaga yatsa na ce, "Jama'a, babban sirrin hulɗa da dabba shi ne natsuwa. Dabba tana gane mai tsoro. Duk abin da ta yi, kada ka gudu, kada ka ɗaga murya." Na ga mutane suna rubutawa. Wani dattijo cikin makiyayan ya gyaɗa kai ya yi mini wata doguwar magana da Fulatanci, na amsa da "Jam," wadda ita ce kusan rabin Fulatancin da na sani.

Na yi ta jan bayanin ina ƙara misalai, har Darakta ya dubi agogo.

"Arɗo, a shiga a nuna mana."

Aka buɗe ƙofar shinge. Na shiga ina karanta duk addu'ar da na iya a zuci. Karsanar ta juyo ta kalle ni, ta ci gaba da tuƙa. Na ce a bar batun haƙora sai ƙarshe, a fara da awo, domin awo daga gefe ake yi, nesa da baki. Na matsa. Na ɗora tef a bayan tozonta. Ba ta motsa ba. Wani ɗan ƙarfin gwiwa ya zo mini. Na sunkuya don in kamo ɗaya bakin tef ɗin ta ƙarƙashin ƙirjinta, ina cewa a raina, ashe abin bai fi turmi wuya ba.

A nan ne na ji huci mai ɗumi a ƙeyata. Kafin in gane me ke faruwa, wani abu mai kaushi, jiƙaƙƙe, ya share ni tun daga wuya har cikin kunne.

"Wayyo Inna! Ya kama ni!"

Haka lasifika ta sanar wa duniya. Ban san yadda na tsallake kwamin ruwa ba. Ban san sanda takalmina ɗaya ya maƙale a kashin shanu ba. Abin da na sani shi ne na tsinci kaina a saman ƙarfen da aka ɗora tankin ruwa a kai, na rungume tankin da hannu biyu, idona a rufe, ina haki. Kuma duk hakin nan, da abin da ya biyo baya, lasifika tana rabawa kowa: "A riƙe shi, don Allah a riƙe shi, ina da iyali!"

Da na ji shiru ya yi yawa, na buɗe ido na leƙa ƙasa. Wani ɗan maraƙi ne, ko ƙugu bai kai ni ba, ko alamar ƙaho babu a kansa. Daga baya na ji uwarsa ce ta mutu, ma'aikatan gona suka raine shi da kwalbar madara, shi ya sa duk wanda ya sunkuya sai ya zo neman abinci. Gishirin zufata ya lasa. Yana tsaye a gindin ƙarfen yana kallona, yana jiran in sauko a ci gaba.

Dattijon da ya yi mini Fulatanci ne ya fara. Ya ja rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa, ya tambayi na kusa da shi da Hausa, yadda kowa zai ji, "Wannan ɗin namu ne kuwa?" Sai rumfa ta fashe. Har akawun da zai yi ritaya, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya zame daga kujera. A cikin rumfar, Darakta kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa.

Madam Rifkatu ta shigo garken a hankali, ta tsaya a ƙarƙashina ta miƙo hannu.

"Malam, jefo mini abin maganan."

Na ciro makirufo na jefa mata. Ta maƙala a rigarta, ta juya ga jama'a ba ko murmushi.

"To, kun ga misalin abin da ba a yi. Mun gode wa Malam. Yanzu ga yadda ake yi."

Ta ɗauki tef ta ci gaba da bitar. Ni kuwa ina nan a sama, domin maraƙin ya ƙi matsawa, kuma babu wanda ya ga dalilin korarsa. Daga kan tankin na kalli darasin haƙora gaba ɗaya. (Gaskiya daga can an fi ganin komai da kyau.)

Kafin la'asar hotona rungume da tanki ya zaga duk zaurukan wasap na jami'a. Wani ɗan uwana da ke sayar da kaya a Shadawanka ya kira ni yana tambaya ko gobara aka yi. Washegari aka ce Darakta yana nemana. Na tafi ina lissafin irin sana'ar da zan koma, har na fara tunanin keken ɗinkin mahaifina.

Bai ce in zauna ba. Ya ce, "Ran nan da ka shigo ka ce gaisuwa ce, wannan maganar ka zo yi?"

"Ita ce, Yallaɓai."

"Me ya hana ka?"

"Kunya, Yallaɓai."

Ya jinjina kai. Sannan ya ce shi ma da laifinsa, domin fuskata ya duba ya tura ni, bai tambaye ni ba. Amma takarduna za su zauna a kan teburinsa har sai na sake wannan bitar, da hannuna, a gaban mutanen nan dai. Ya miƙa ni ga Madam Rifkatu.

Watanni na yi ina zuwa gona kowace safiya kafin in shiga ofis. Da maraƙin ta fara haɗa ni, ta ba ni kwalbar madara ta ce in riƙe kada in saki. Ranar farko ta cikin shinge na miƙa masa. Ba ta taɓa yi mini dariya ba, sai dai in na ja da baya ta ce, "Malam, tanki yana nan, ba ya zuwa ko'ina. Ka gama ba shi tukuna." A hankali na kai ga karsanar. Da aka sake bitar, rumfa ta fi ta farko cika, kuma na san ba son ilimi ne ya kawo rabinsu ba. Amma na buɗe bakin karsanar na faɗi shekarunta, na auna ta, na fita ta ƙofa kamar kowa. Bayan ɗan lokaci aka tabbatar da ni a aiki.

Abin da na koya kuwa, "ban iya ba" magana ce da ba ta da tsawo, kuma ko ba jima ko ba daɗe sai ka faɗe ta. Zaɓin da kake da shi kawai shi ne inda za ka faɗa: a ofis, ƙofa a rufe, mutum ɗaya yana ji, ko daga kan tankin ruwa, da takalmi ɗaya, ta lasifika.